Kantar Takalman Baba Mato

"Wanga icce ba na kanta ba ne, ya Hajj," in ji Bilyamin kafinta, yana ƙwanƙwasa gungumen da bayan guduma. "Gabaruwa ce, zartona za ta cinye. Bari in kawo maka muski, farin katako mai laushi, jibi ka ga kantarka tsaye."

"Muski abincin gara ne," Baba Mato ya ce. "Gara ta ci rabonta gidanga. Yanka."

Ina tsaye ta inda katangar da ke tsakanin gidana da nasa ta zube, da tsintsiya a hannu. Ba wanda ya kira ni, amma ni Ramatu haka Allah ya yi ni, ba na ganin abu in yi shiru. Gungumen nan kowa a ƙauyenmu ya san shi. Tun da ƙarfinsa Baba Mato ya sare gabaruwar bakin gonarsa ta auduga, ya jingine ta bayan ɗaki, ya ce da ita za a sassaƙa masa angarib, gadon igiyar da za a ɗauke shi a kai zuwa makwanci. Da yaƙi ya kore mu muka yi garin Gadarif, muka dawo muka tarar an kwashe ƙofofi da gadaje har da tukwane. Gungumen kaɗai aka bar masa, don ya fi ƙarfin ɗauka.

"Baba, in anka yi kanta da shi, kai da mi za a ɗauke ka?"

"Ke ba ki da gado?"

"Guda ne, kuma ƙafarshi ɗaya da waya take ɗaure."

"To ki gyara ƙafar. Kina da lokaci, amma ba mai yawa ba."

Na san inda zancen kantar ya samo asali, don da wayata aka yi shi. Matarsa Hindu a Gadarif ta rasu, can aka binne ta. 'Yarsu ɗaya tilo, Hanaa, ta zauna can da mijinta Abdulmuttalib da yaransu, shi kuwa tsohon ya hau lori ya biyo mu gida. Hanaa tana so ya koma wurinta a rufe gidan, shi yana so ta dawo a buɗe shi. Ran nan yana ba ta labari cikin raha cewa ya zazzage markub ɗinsa, takalmin fatar da bai rabuwa da shi, sai ga kunama ta faɗo. Nan take ta kama maganar.

"Ka ji ko, Baba? Gidan da kunama ke kwana cikin takalmi, nan zan kawo yara? La, wallahi."

"In kunama ce, halas, shi ke nan," ya ce, ya miƙo mini wayar.

Na gaya masa gaskiya a ranar. Na ce ba kunama take tsoro ba, shiga gidan ba uwarta a ciki take tsoro. Ya dubi ƙafafunsa da suka fara kumbura.

"Na sani," ya ce. "Amma kunama ta ce. Abin da ta ce shi zan amsa."

Bilyamin ya sha wuya a hannunsa. Tsohon yana zaune kan tabarma a zauren da ko ƙyaure babu, yana ba da umarni da sandarsa. Ƙafafun kantar su kai gwiwa. Kowace ƙafa ta zauna cikin gwangwanin tumatir cike da baƙin man inji, ta yadda duk abin da ke jan ciki zai tsaya a nan. Kada bayanta ya taɓa bango, a bar tafin hannu. Hawa na ƙasa na yara ne, na sama na manya, kuma a jera katakon da tsaga a tsakani don taɓon gona ya riƙa zubewa idan ya bushe. A sama a dasa turaku, na dama na jallabiya da rawani, na hagu na lulluɓin mata. Da aka ga ragowar icce, ya sa aka yi ɗan benci a gefe, wai tsoho ba ya cire takalmi a tsaye.

Zarto ya karye, Bilyamin ya yi rantsuwa ya bar aikin, washegari ya dawo da sabo. Da ya gama ya shafe ta da man riɗi, sai jan gabaruwar ya fito. Shi kansa ya ja da baya yana kallo, ya manta da fushinsa.

"Ya Hajj, wagga ko gidan gwamna."

"Gwamna shi nemi gabaruwarshi," in ji Baba Mato.

Ya ɗora markub ɗinsa a hawa na sama, ya rataye rawaninsa, ya ce in ɗauki hoto in aika wa Hanaa. Na aika. Ta gani, ba ta ce komai ba. Na ji haushinta ƙwarai, na kuma ji tausayinta, amma haushin ya fi yawa.

Markub ɗin bai sake saukowa ba, don ƙafafun sun daina shiga. Numfashi ya fara yi masa nauyi. Likitan garin Kamlin ya ba shi magani, ya kuma gaya mini a waje abin da shi tsohon ya riga ya sani. Na kira Bilyamin ya gyara ƙafar gadona, muka ciccibo gadon ta kan rusasshiyar katangar, muka aje wa tsohon a zaure daidai inda zai riƙa ganin kantarsa. Maƙwabta suka soma zuwa kallonta, kuma wanda ya ɗora takalmi dole ya zauna a sha gahawa. Hawan sama yana cika yana raguwa, amma na ƙasa, na yara, ko ƙura ba ya bari ta zauna a kai. Kullum da safe sai ya ce in goge.

Ana haka Abdulmuttalib ya iso da mota, shi kaɗai, ya zo ɗaukar surukinsa. Ya cire takalmi a bakin zaure, ya tsaya riƙe da su.

"Naka nan, kusa da nawa," Baba Mato ya nuna da sanda.

Ya ɗora, ya durƙusa ya gaishe shi, ya fara lallashi. Akwai asibiti a Gadarif, akwai wuta, akwai jikoki. Tsohon yana ta cewa "tamam, tamam," bai ko motsa ba. Da Abdulmuttalib ya gaji, sai ya shafa katakon ya ce a ina aka samo icce irin wannan bayan an kwashe gari. A nan na gane cewa hoto ba ya nuna irin icce, kuma tsohon ba zai taɓa faɗa da bakinsa ba.

"Kira mini matarka," na ce.

Baba Mato ya harare ni, na yi kamar ban gani ba.

"Hanaa, Inna Ramatu ce. Kin tuna iccen bayan ɗaki da uwarki ke hana ki hawa? Shi ne kantar da kika gani. Gadon gawarshi ya yanka don takalman ɗiyanki. Yanzu kan gadona yake kwance, kuma kan shi za mu ɗauke shi. In za ki zo, ki zo yana gani."

Na ji kukanta kafin in miƙa wayar. Tsohon ya juya wa bango fuska ya ce ni mace ce mai dogon baki. Na ce na gode.

Ranar Juma'a da hantsi lori ya tsaya a ƙofar gida. Ina leƙawa na ga katifu a ɗaure a sama, da murhun gawayi, da keken ɗinkin Hanaa. Mai zuwa dubiya ba ya ɗauko keken ɗinki. Na ruga zaure ina kiran sunansa kamar yarinya, ɗankwalina a hannu.

Yaran suka kwaso da gudu, ya ɗaga sanda ya tare su.

"Takalmi tukuna. Kowa shi nemi wurinshi."

Suka jera silifas ɗinsu a hawa na ƙasa, ja da shuɗi da wani mai fure, autarsu Sawsan tana leƙa gwangwanin mai tana tambayar ina kunamar. Hanaa ta shigo a ƙarshe. Ta daɗe a tsaye da hannunta a kan katakon. Sannan ta buɗe jaka ta fito da lulluɓin Hindu, wanda duk muka sani, ta rataye shi a turken hagu, ta zo ta zauna a bakin gado ta kifa kanta a ƙirjinsa.

Ta saman kan Hanaa ya dube ni, idonsa yana ƙyalli.

"Ramatu, duba mini. Akwai sauran wuri ƙasa?"

"Babu, Baba. Ta cika."

"To ke kika ce ba kunama ba ce."

Na yi dariya har da hawaye. A ranar ya sha gahawa da yawan da likita ya hana, ya sa Abdulmuttalib ya yi alkawarin shuka alkama a gonar idan sanyi ya shigo, ya kuma sa shi ya maimaita a gaban Bilyamin.

Bai kai wata Juma'ar ba. Da hantsi ne, yara suna wasa a tsakar gida, Hanaa tana yi masa fifita, ya yi kalmar shahada a hankali ya tafi. A kan gadona aka ɗauke shi, kuma ƙafar ba ta ba ni kunya ba har maƙabarta. Masu ta'aziyya daga Kamlin da ƙauyukan bakin kogi suka cika gidan, takalma suka fi ƙarfin kantar suka malala har titi, kuma duk wanda ya shigo sai ya shafa katakon ya tambayi labarinsa.

Da aka watse na shiga da safe in karɓi gadona. Na tarar an kafa sabon ƙyaure a zaure, Hanaa tana durƙushe tana ƙara baƙin mai a gwangwanaye. Ta miƙe, ta sauko da markub ɗinsa daga hawa na sama, ta kife su ta zazzage ɗaya bayan ɗaya, ta goge da bakin mayafinta. Sannan ta mayar da su wurinsu, kusa da na mijinta.