Siket Ɗin Malam

Tun da aka sallamo Malam daga asibiti da robar fitsari a jikinsa, wando ya zama abokin gabarsa. Zariyar wandon ta danne wurin ɗinkin tiyata, roba ta lanƙwashe a cinya, ga jakar da fitsarin ke taruwa babu inda za a sa ta. Sau ɗaya ya gwada, ya kai bakin zaure ya dawo yana haɗa gumi. Daga ranar ya koma ɗaki da tsohon zanena a ƙugu, ya ce duk wanda ya yi sallama a ce masa yana barci.

Da don ta ni ce, da na ƙyale shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jera littattafai a laburaren jami'a, ba zaman ɗaki ne zai kashe shi ba. Sai dai ranar Asabar za a ɗaura auren Fauziyya, 'yar ƙaninsa marigayi, wadda muka riƙa tun tana rarrafe, shi ne kuma waliyyi. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Baba, in ba kai ba wa zai ba da ni?" Ya ce zai wakilta Muntasir. Muntasir autansu ne, wanda ko fensir bai taɓa saya mata ba. Yarinya ta tashi tana share ido da gefen mayafi.

Na ce, "Ka zura jallabiya kawai mana. Wa zai leƙa?"

"In zauna a tabarma cikin maza ba komai a ƙasa, kamar wanda ya fito daga wanka? Jakar kuma in riƙe ta a hannu kamar carbi?"

"To a ɗinka maka siket, da aljihu ta ciki."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Safiyatu, boko ya yi miki yawa."

"Ai tare muka yi shi."

Bai ce i ba, bai ce a'a ba. A shekarunmu wannan izini ne. Na auna ƙugunsa da igiya, shi kuwa ya kafa kunne a rediyo kamar ba jikinsa ake taɓawa ba.

Na fara da telansa na nan Samaru, Akinola, Bayerabe haifaffen Zariya wanda Hausarsa ta fi ta jikokina. Ya saurare ni har ƙarshe, keke a tsaye.

"Mama, Allah ya ba Baba lafiya. Amma ni telan maza ne. Siket sai layin baya, wajen Keziya."

"To namiji ne zai sa."

"Shi ne dai, Mama. Siket ne."

Keziya na cikin tulin atamfa, ankon bikin namu take fama da shi. Ta ware igiyar ta ce, "Kai! Wace ce mai wannan ƙugu a danginku, Hajiya?" Na matsa kusa na gaya mata. Ta fashe da dariya, da ta ga fuskata ta haɗiye sauran.

"Yi haƙuri, Hajiya. Ni ban taɓa yi wa namiji ɗinki ba. Kuma dubi 'yan matan nan nawa." Ta nuna masu koyon aiki da haɓa. "Kafin magariba duk Samaru ta ji."

Gaskiyarta. Na naɗe igiyata.

Washegari na shiga bas zuwa Sabon Gari, gwiwoyina a tokare da kujerar gaba, kwandon tumatur ɗin wata a kan ƙafata. Daga Palladan har Kwangila ina ta lissafin banza. Kakana da warkin fata ya noma gonarsa, har ya mutu ba wanda ya raina shi. Malamin da ya koya mana lissafi a kwaleji, Ba'indiye, da yamma zane yake ɗaurawa ya fito ba fulawarsa ruwa. Amma an ce wando ne mutuncin namiji. Na ga masu wando da yawa a rayuwata, mutuncin ne ban cika gani ba.

A layin 'yan yadi wani Inyamuri mai suna Uzodinma ya gane abin da nake nufi tun kafin in gama. Shi bai yi dariya ba ko kaɗan.

"A garinmu manyan maza ne ke ɗaura zane, Mama. Wando na yara ne da masinjan ofis."

Ya warware mini wani jan yadi mai nauyi, an yi masa ado da zare mai ruwan zinariya, ya ɗaura a kan wandonsa ya yi taku biyu yana kaɗa kafaɗa.

"In Oga ya fito da wannan, mantawa za a yi da ango!"

"Abin da nake gudu ke nan, ɗana."

Na gangara wajen 'yan gwanjo. Rana ta take, ga warin kayan da aka fasa dila, ga 'yan acaɓa suna kutsawa ta kan ƙafar mutum. Wata yarinya Chinelo ta zube mini tulin siket a kan buhu, na sunkuya ina gwada igiyata ɗaya bayan ɗaya har bayana ya ƙage. Can na samu wani dogo, ruwan toka, ba ado, har da aljihu.

"Mama, wannan zai zame miki. Mutum biyu irinki sai su shiga."

"Ƙiba nake shirin yi."

Na dawo gida ƙafa a kumbure. Na wanke shi, na goge, na kai masa. Ya ɗaga shi da yatsa biyu yana duban zif ɗin da ke baya.

"Wace baturiyar ce ta mutu ta bar mini gado?"

Duk da haka ya ce in sa sakata. Ya sa siket ɗin. Tsakani da Allah ya zauna masa daidai, jakar ma ta shige aljihu kamar don ita aka yi. Ya tsaya gaban madubi ya daɗe. Sannan ya zare shi a hankali, ya ninke, ya zauna a bakin gado.

"Ki aika a gaya wa Muntasir."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Gajiya ce kawai a muryarsa, ni ma kuma ba ni da sauran ƙarfin gardama.

Ban aika ba. Ranar Juma'a da safe na buɗe akwatin ƙarfe in ciro babbar rigarsa, ko ba komai ta sha iska. A can ƙasa, cikin ƙanshin kafur, ga haraminsa na aikin hajji, da bel ɗin mai aljihu da ya ɗaure shi da shi. Tun da ya dawo ya adana shi, bayan ya jiƙa shi da zamzam. Kowace shekara sai ya tuna mini inda yake, don ranar da ta Allah ta kasance a sa shi cikin likkafaninsa. Na ɗauko na ajiye masa a kan gado.

"Mayar. Kin san na mene ne."

"Na sani. Amma na maza ne, ko? Ka ɗaura shi a gaban mutanen duniya, ba ko ɗan kamfai, ba wanda ya kira ka mace."

"Can Makka ne."

"Namijin Makka daban ne da na Samaru?"

Ya shafa yadin da tafin hannu. "In fitsari ya taɓa shi fa? Da me za a rufe ni?"

"Alawayyo bai ƙare a kasuwa ba, Malam. Kuma ranar ba kai za ka je saye ba. Ni ce dai zan sake shiga bas."

Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Mutum ya daɗe yana kwana da tunanin abin da za a naɗe shi a ciki. Na bar shi da yadinsa na tafi kicin, inda mata ke ta rigima a kan tukunya.

Ranar Asabar da hantsi ya kira ni. Na ɗaura masa haramin, na ja bel, na maƙale jakar ta ciki da ƙyalle. Ya sa doguwar riga, ya ɗora babbar riga a kai. Duk da haka farin yadin ya leƙo ta ƙasa kamar faɗin tafin hannu. Ya dube shi, ya ɗauki sandarsa.

A ƙofar gida aka kafa rumfa. Na laɓe a zaure ina jin takunsa, a hankali, a hankali. Aka yi ta yi masa sannu. Sai wani tsohon abokin wasansa ya ɗaga murya:

"Ahmadu! Daga nan Umra za ka wuce ne?"



"Ina ka san kayan Umra," in ji Malam, "kai da ko Kwangila ba ka taɓa wucewa ba?"

Aka kwashe da dariya, aka matsa masa wuri. Bayan wannan ban ji wanda ya sake tankawa ba, hankalin kowa ya koma kan tiren goro da dabino. Da liman ya nemi waliyyi, na ji muryarsa a lasifika, siririya amma ba ta rawa: "Na ba da." Fauziyya na bayana, ta riƙe mini hannu har sai da yatsuna suka yi zafi.

Da aka shafa fatiha ya shigo fuska a koɗe, ya zube a kujera. Da na kwance masa haramin, ga ɗan tabo rawaya a gefe. Mu duka mun gan shi. Na jiƙa shi a bokiti da omo, na jawo wani bahon na zuba ruwan ɗumi na tsoma ƙafafuna.

"In ya bushe kada ki mayar da shi akwati," in ji shi, ido a rufe. "Na kwana biyu ban je Juma'a ba."

Siket ɗin kuwa yana nan rataye a bayan ƙofa. Na gwada, zamewa yake yi.