Dokin da Aka Shayar Yana Gumi

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya koyar da ɗan Adam da alƙalami, ya kuma hore masa dabbar hawa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

A wani ƙauye da ke gindin dutsen Vlašić an yi wata malama mai suna Mubera, wadda aka turo daga birnin Sarajevo. Ɗalibanta tara sun iya karatu da murya, ba gargada, amma da ta rufe littafi ta ce, "Me aka faɗa?" sai su zuba wa taga ido, inda dawakan iyayensu ke saukowa da itace. Shugaban makaranta ya sanar da ita cewa mai duba makarantu zai zo ran Alhamis. In yaran ba su nuna fahimta ba, za a rufe ajin, a riƙa kwasarsu a mota zuwa gari.

Da ta lura da inda hankalinsu yake, sai ta rubuta musu labarin doki, ita da ko linzami ba ta taɓa riƙewa ba.

Ran Alhamis, mai duba na zaune a baya, wata yarinya, Ilma, ta miƙe ta karanta: wani mutum ya sauko daga dutse da dokinsa sharkaf da gumi, saboda tausayi ya wuce da shi bakin marmaro, ya bar shi ya sha ruwan sanyi har ya ƙoshi. Nan ta tsaya cak.

"Ci gaba mana, Ilma."

"Malama, dokin nasa ne ko na aro?"

"Na surukinsa ne," in ji Nusret, sarkin tsokanar ajin, "shi ya sa yake son kashe shi."

Aji ya kwashe da dariya.

"Tausayinsa fa ya ji," in ji Mubera.

"Malama, ciwon ciki zai kayar da shi kafin la'asar," Ilma ta amsa. "Sai an zagaya da shi, an goge shi da ciyawa, gumin ya bushe tukuna."

Mai duba ya ɗago kai. "A ina aka ce yana gumi?"

Yatsu tara suka sauka a kan layi na biyu. Nusret ya ƙara da cewa layi na huɗu ya ce ƙafafunsa na rawa, ke nan kaya ma an labta masa fiye da ƙima.

Bayan an tashi, mai duba ya yaba mata dabarar dasa kuskure da gangan. Mubera mai tsoron Allah ce. Ta ce, "Yallaɓai, ba dabara ba ce, rashin sani ne."

Ya yi murmushi yana rufe jakarsa. "To kada ki yi gaggawar warkewa."

Ba a rufe ajin ba. Kowane mako ta rubuta, yara su gyara, har ta san doki ciki da bai, ta koma dasa kuskuren da gangan.

Allah ya jiƙan Malama Mubera da dukkan magabatanmu, ya haskaka makwancinsu, ya ba mai karanta wannan fahimta mai amfani. Amin.