Ƙullin da ke Cikin Jitar Malam Titus

Malam Titus bai taɓa yarda wani ya riƙe masa jitarsa ba, ko da zai ɗaura igiyar takalmi ne. Ta mahaifinsa ce, wanda ya shekara talatin yana kaɗa ta a majami'ar ƙauyensu ta wajen Kaltungo. Ranar rabon gado 'yan'uwansa suka kwashi gona da awaki, shi kuwa ya rungumi katako ya dawo Gombe. Kowace Asabar sai ya goge ta da tsohuwar singileti, ya bi tsirkiyoyin nan shida ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga man keken ɗinki a kunnuwan ɗaurinta. Matarsa Jummy takan ce da ita ake yi wa rabin wannan hidima da tuni ta yi ƙiba.

Saura mako uku auren 'yarsu Jane, kuma Titus ya yi mata alkawari da wannan jita zai raka ta, yadda kakanta ya kaɗa ranar auren iyayenta. Saboda koyon waƙa ya yi yawa, sai ya riƙa barin jitar a ɗakin ajiya na cocinsu a unguwar Federal Low-Cost. Mabuɗin ɗakin biyu ne, ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun Gilbert.

Gilbert dogon saurayi ne da ya dawo daga Jos bara, da jitar lantarki da yatsu masu gudu. Matasan coci suna son kiɗansa, shi ya sa Titus bai so. Sau ɗaya Gilbert ya taɓa yin kuskuren cewa, "Baba, iskar Gombe fa ba ta son katako, da kun..." Titus ya datse shi a gaban kowa: "Ina kaɗa jitar nan uwarka ba ta yi aure ba." Daga ranar bakin Gilbert ya mutu a kan zancen.

Ranar Talata da yamma Titus ya buɗe jakar jitar, ya tarar da tsirkiyoyin sun saki kamar igiyar shanya. Shi dai ya san a ɗaure ya bar su. Yana cikin ɗaurewa sai ya ga baƙin zare maƙale a tsirkiya ta uku, ya nutse cikin cikin jitar. Ya ja a hankali. Wani ƙullin leda ya biyo, bai fi ƙwan zabuwa ba, an huda shi da allura ta ko'ina, ga sanyi ga laima.

Bai kwance ba, don wa zai kwance ƙullin da ba shi ya ɗaura ba? Ya sa tsinke ya ɗauke shi, ya jefa a kwatar bayan coci, ya wanke hannu har sau uku. A nan ne ya tuna cewa mako biyu ke nan yatsunsa suna yi masa tsami da safe. Mutum ne mai shekara hamsin da takwas, ya ƙare rayuwarsa yana riƙe alli a makarantar sakandare, amma duk wannan bai zo masa a rai ba. Abin da ya zo masa shi ne ruwa ba ya tsami banza.

Ranar Alhamis tsirkiyoyin suka sake saki, ga sabon ƙulli. Titus ya jefar, ya zauna a bayan mawaƙa yana kallon Gilbert ta gefen tabarau. Komai na saurayin nan sai ya zama hujja. Ya cika gaisuwa, ya cika durƙuso. Da aka tashi ma har ya matso ya ce, "Baba, yaya jitar?"

"Me ka ji ya same ta?"

"Babu komai, Baba. Na tambaya ne kawai."

Biri ya yi kama da mutum, in ji Titus a ransa.

A gida ya zayyana wa Jummy komai, tana tsinke zogale a faranti.

"Baban Jane, ka kira yaron nan ka tambaye shi mana."

"In tambaye shi? Kin taɓa ganin ɓarawon da ya ce ni ne? So yake hannuna ya mutu ya gaji wurina, har a auren 'yata shi za a tafa wa."

"Zato dai zunubi ne, ko da ya zama gaskiya."

"To ni na ɗauki zunubin."

Washegari ya sami Dattijo Isaiah, wanda ke kula da mawaƙa. Bai furta kalmar asiri ba, ai shi malamin makaranta ne. Ya dai ce an ga ƙulli, an ga zare baƙi, kuma mabuɗi biyu ne. Ya bar dattijon ya ƙarasa lissafin da kansa. Ranar Lahadi bayan sujada aka ce Gilbert ya huta da kiɗa sai bayan biki, aka karɓi mabuɗinsa aka damƙa wa Titus. Saurayin ya biyo shi har bakin ƙofa, idonsa ya yi ja.

"Baba, don Allah ku ba ni minti biyu in yi muku bayani."

"Ka yi wa Allah bayani," in ji Titus, ya wuce.

Ya kwashi jitarsa ya kai gida. Ya ɗaure tsirkiyoyin tam, wai don ya ga mai sake sassauta su, ya ɗora ta kan wardirop dab da silin, ya kulle ɗakin. Watan Maris ne, irin zafin da in ka shanya riga kafin ka juya ta bushe, kuma ɗakin nan shi rana ke duka tun daga azahar. Kwana goma yana koyon waƙa da wata tsohuwar jitar coci, hankalinsa kwance, don a ganinsa ya raba tasa da mugun hannu. Yatsun dai ba su daina tsami ba.

Ranar Laraba, saura kwana uku biki, suna cin abincin rana suka ji ƙas! daga ɗaki, kamar an karya kara. Titus ya sauko da jitar. Fuskarta ta tsage daga ƙasa har kusa da baki, tsawon tafin hannu, katakon da ke riƙe tsirkiyoyin ya ɗago. Ya taɓa tsirkiya ɗaya, ta yi wani kuka kamar tsohon gwangwani. Ya zauna a bakin gado.

"Kin gani ko?" ya ce wa Jummy. "Daga nesa ma ya gama da ita."

Ya tari keke zuwa bayan Kasuwar Gombe, wurin Malam Sa'idu, tsohon kafintan da ke gyaran garaya da gurmi, kuma shi majami'u ke kai wa jitocinsu. Yana shiga rumfar ya tsaya cak. Jita uku ke rataye a bango, kowace tsirkiyoyinta a sake, kowace da baƙin zare ya nutse a cikinta.

"Malam," ya ce da ƙyar, "mene ne wannan?"

Malam Sa'idu ya janyo ɗaya, ya kwance ledar a tafin hannunsa. Guntun soson katifa ne. Ya matse shi, ruwa ya ɗiga sau biyu.

"Ruwan sha ne na katako. In rani ya tsananta sai ka jiƙa soso ka rataya mata a ciki, ka sassauta tsirkiya in za ta kwana biyu ba a kaɗa ba. Katako yakan tsufa kamar ni da kai, abin da ya jure da ƙuruciya ba ya jurewa yanzu." Ya karɓi jitar Titus, ya juya ta, ya tsura wa wani tsohon tabon ƙuna a gefenta ido. "Ai na san wannan. Wani dogon saurayi ya kawo mini hotonta a waya watan jiya. Ya nuna mini tsaga siririya kamar gashi, ya ce mai ita uba ne a wurinsa, amma ba a gaya masa magana. Ni na ɗaura masa ƙullin. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce na farko ya ɓata, na ba shi wani." Ya ɗago kai. "Wai wane ne yake cirewa?"

Titus ya dubi ƙasa. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gaban mahaifinsa.

"Za ta gyaru kafin Asabar?"

"Gam kaɗai yana son mako biyu. Kuma gaskiya zan gaya maka, Malam, za ta yi magana, amma ba da muryar da ka sani ba."

Ya fito hannu rabbana. Mai keke ya ce, "Low-Cost ne, Baba?" Titus ya sa hannu a aljihu, ya taɓa mabuɗan nan biyu.

"Dawaki," ya ce, unguwar su Gilbert.

Gilbert da kansa ya buɗe ƙofa. Ya dubi fuskar Titus, ya dubi kafaɗarsa inda jakar jita ta saba rataya. Titus ya shirya wa faɗa, ya shirya wa a rufe masa ƙofa, duk zai ɗauka. Amma saurayin sai ya dafe ƙirji.

"Baba, ta tsage ko?"

Titus ya ciro mabuɗin Gilbert daga aljihu. Ya miƙa masa mabuɗin da hannu biyu.