Kwana Uku na Shuɗin Yaƙutu

Shekara arba'in mahaifin Dingiri ya yi yana wanke laka a ramukan haƙar duwatsu masu daraja na garin Ratnapura, kuma dutse ɗaya tak ya ƙi sayarwa: shuɗin yaƙutu, bai wuce ƙwayar wake ba. Da zai mutu, a tafin Dingiri ya sa shi. Yayarta Ranmenika na tsaye tana kallo.

Kowa ya san ba a sa shuɗin yaƙutu haka kawai. Sai mutum ya ɗaura shi a dantse kwana uku. In dutsen ya karɓe shi, lafiya. In wata masifa ta faɗo, to ya ƙi shi, dole a rabu. Dingiri ta naɗe shi a farin ƙyalle ta ɗaura, domin shi kaɗai ne abin da uban ya bar mata.

Ranar farko shinkafarta ta kama. Ranmenika, wadda ta zo wai taya ta zama, ta shinshina tukunyar.

"An fara ke nan."

"Haba Yaya, kullum ma ai tana kama mini."

"Wannan kam gaskiya ne. Mijinki na da haƙuri."

Rana ta biyu Dingiri ta dawo daga rijiya da hantsi, ta tarar da akunta a ƙasan keji, ƙafafu a sama. Tun tana budurwa take kiwonsa da gwanda da madarar kwakwa. Ta kai shi bayan gida, gindin ayaba. Da ta ɗaga shi za ta sa a rami, sai kan ya juyo baya gaba ɗaya, ya yi lilo. Ta daɗe a tsugune tana kallon wuyan. Ta san dutse ba shi da yatsu.

Ta shigo da ƙasa a hannunta. Ranmenika na zaune bakin ƙofa, ta ɗora 'yar Dingiri mai wata bakwai a cinya, tana shafa mata wuya da babban yatsa, a hankali.

"Ƙanwata, yau tsuntsu ne," in ji ta. "Saura kwana ɗaya. Ni dai tsoro nake ji wa wannan 'yar. Dubi wuyanta, kamar zare."

"Ba ni ita, Yaya."

"Da wannan abin a dantsenki? Ke uwa ce kuwa?"

Jaririyar na ta dariya, tana jan ɗan kunnen Ranmenika.

Ƙullin ƙyallen da ke dantsen Dingiri ya ƙi kwancewa. Da haƙori ta tsinke shi. Ta ajiye ƙyallen a kan tabarma, ta miƙa hannu biyu.

Ranmenika ba ta yi sauri ba. Sai da ta buɗe ƙyallen, ta ɗaga dutsen ga rana, ta cusa shi cikin rigarta, sannan ta miƙo yarinyar.

"Wanke hannunki tukuna," ta ce. "Duk ƙasa ce."