Wankan Jego a Rigachikun

Hajiya Uwani mace ce mai riƙe abinta gam, kuma ba abin da ta riƙe kamar COBOL, tsohon harshen da ake ba babbar kwamfutar ofishinsu umarni da shi. Injin nan, mai girman sif ɗin amarya, shi ke haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai duk shekara. Waɗanda suka koyi aikin tare da ita sun yi ritaya, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya.

Akwai ɗabi'ar da ta gada wajen ogoginta na da: ba a koya wa na ƙasa aiki duka, kada a wayi gari a ce ba a bukatarka. Da aka turo Malam Hamisu ya koya, magidanci da iyalinsa, sai ta mai da shi mai cire takarda daga firinta. In ya matso kusa da allo ta ce sanyin ɗakin zai kama masa ƙirji. Ya yi haƙuri har ya gaji, ya nemi canjin sashe.

Sai Zahra'u, 'yarta tilo, ta yi haihuwar fari, daidai lokacin haɗa sakamako. Uwani ta daɗe tana ɗokin 'yar ta dawo gida, a unguwar Malali, wankan jego. Ta sayi itace da babbar tukunya, ta tanadi kanwar kunu. Amma darakta ya hana ta hutu. Ya tambaye ta, in injin ya cije tsakiyar aiki, wa zai tashe shi?

Ta ajiye girman kai ta je wajen Hamisu, ta ce za ta koya masa komai cikin mako.

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji shi. "Ni dai yage takarda na iya a ɗakinki."

Haka aka wuce da mai jego Rigachikun, wajen Kaltume, ƙanwar mahaifin Zahra'u. Abin ya ci Uwani a rai, kuma ta san ba wanda za ta ɗora wa laifi.

Ran Lahadi ta je da ƙullin kanwarta. Ta tarar an gama wanka, an sha kunu. Tana ɗaukar jikan ya callara kuka. Ta jijjiga, ta yi rarrashi, ya ƙi shiru.

"Mama, ba ki san yadda yake so a riƙe shi ba," Zahra'u ta faɗa a hankali. "Miƙa wa Goggo."

Ta miƙa shi, ta ja baya ta tsaya bakin ƙofa tana kallo.