Mijin Madam

Abdulrazak malamin gona ne a Jiratawa. Shi ke tsara rabon ruwa ga manoman rani, ya san filin da ke sha ranar Litinin da wanda zai jira sai Laraba. Haifaffen Tsibiri ne, amma tun da ya auri Tahira ya kama haya a unguwar Zariya cikin Maradi. Da safe ya hau babur ya nufi fadama, ita kuma ta wuce bankin da take aiki. Ɗiyarsu ɗaya ce, Salima.

Shekarar da Salima ta cika biyar, bankin ya yi wa Tahira ƙarin girma zuwa babban ofishinsa na Abijan. Ta ce ba ta tafiya sai da shi. Ya tuna shekara biyu da ta yi tana fama da jarrabawa saboda wannan matsayi, ya kasa cewa a'a, ya ajiye aikinsa. Da ya je Tsibiri yin sallama, yayansa Jibo bai ko ba shi hannu ba. A gaban mahaifiyarsu ya ce tun da aka kafa gidansu mace ke bin miji, yau ga namiji ya naɗe tabarma zai bi mace, to in ya isa ya riƙe mata jaka da kyau.

A Abijan aka ba su gida a hawa na shida na wani dogon bene. Watannin farko Abdulrazak ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya suɗe. Duk inda ya shiga sai a tambaye shi noman koko da roba, shi kuwa albasa ya sani da tattasai da zogale. Wasu su karɓi takardunsa su ce za su kira, wasu ko kujera ba su nuna masa. Daga baya ya daina fita. Ya zama shi ke kai Salima makaranta, shi ke zuwa kasuwa, shi ke ɗora tukunya. Maigadin benen bai taɓa tambayar sunansa ba, mijin madam yake ce masa, har masu shago na ƙasa suka ɗauka.

Tahira kuwa aiki ya cinye ta. Ta fita da sassafe, ta dawo bayan magariba a gajiye, waya manne a kunne. In ta yi masa magana da Faransanci sai ya ce shi ba ma'aikacinta ba ne. In ta makara ya tambaye ta inda ta tsaya, ta ce ta bar direkta ɗaya a ofis ta zo ta tarar da wani a gida. Abu kaɗan ya zama rigima: gishirin miya, kukan yarinya, tagar da aka bari a buɗe ruwa ya shigo.

Wata Lahadi direktan bankin ya gayyace su cin abincin rana a gidansa. Da aka zo gabatarwa, Tahira ta ce mijinta ƙwararre ne mai ba kamfanoni shawara kan noma. Abdulrazak ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya dubi mutanen da ke teburin ya ce, "Ba ni ba kowa shawara. Ni ke dafa mata abinci."

Aka yi dariya, an ɗauka raha ce. Tahira ba ta yi ba. A mota ta ce ya tozarta ta a gaban waɗanda ke jiran ta yi tuntuɓe, ya ce ita ta fara jin kunyarsa har ta ɗinka masa rigar ƙarya. Kwana goma sha biyu ba wanda ya ce da wani uffan, sai dai a aiki Salima da saƙo daga ɗaki zuwa ɗaki. Rana ta goma sha uku ya kai yarinyar makaranta, ya bar makulli wurin maigadi, ya shiga motar Maradi.

Bai tarar da komai yana jiransa ba. Aikinsa an ba wani. Gidan Zariya ya daɗe da sababbin ƴan haya. Ya koma ɗakin samartakarsa a Tsibiri, ya roƙi Jibo ya bar shi ya yi aiki a filinsa na Jiratawa. Jibo ya yarda, amma bai rage masa komai ba. In manoma sun taru shan inuwa sai ya ɗaga murya ya ce ɗan Abijan ya zo ya yashe lambatu, ko kuwa madam ta hana shi taɓa laka. Mutanen da a da ke cire hula su roƙi Abdulrazak ƙarin awa ɗaya ta ruwa yanzu su ke dariya. Ya haɗiye, kuma duk abin da ya haɗiye sai ya ɗora wa Tahira a ransa.

Bayan wata tara ta zo hutu. Ba ta biya Tsibiri ta gaida surukarta ba, kai tsaye ta sa mota ta kawo ta Jiratawa. Ta same shi tsugune cikin albasa, laka har gwiwa. Ta tsaya a kan kunya ta miƙo masa takarda. Bankin zai mai da ita Kazablanka ta ƙasar Maroko, kuma ba a barin yarinya ta shiga jirgi sai da izinin uba, da sa hannu da hatimin magajin gari.

Ya ce ba zai sa ba, Salima a Maradi za ta zauna wurin danginta.

"Wane dangi, Baban Salima? Kai da ka ajiye ta a ƙofar makaranta ka gudu? Har rana ta faɗi tana zaune wurin maigadin makarantar tana jiranka."

Bai san haka aka yi ba, ya ɗauka za a je ɗaukarta. Maganar ta soke shi, amma ya ƙi nunawa. Ya ce ita ta raba shi da aikinsa da mutuncinsa, ta mai da shi abin nuni a ƙasa biyu. Ta ce ba ta ɗaure shi ba, da ƙafarsa ya bi ta, kuma tun ranar da suka sauka yake fatan ta kasa don su dawo ya ce da ma ya faɗa. Jibo na can gefe ya dogara da fartanya yana saurare, bai ɓoye jin daɗinsa ba.

Kwana uku bayan haka mahaifin Tahira, Alhaji Idirisa, ya aika a kira shi gidansa a Zariya. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya ce dukansu biyu sun yi laifi, amma ba zai zuba ido a mai da jikarsa igiyar ja ba. Ya sa aka fito da Salima. Yarinyar ta gaida ubanta daga nesa, ta koma bayan uwarta ta laɓe. Da ya miƙa mata hannu ta tambaye shi ko yau ma tafiya zai yi.

Washegari Abdulrazak ya je ofishin magajin gari ya sa hannu. Daga nan ya dawo zauren Alhaji ya rubuta wa Tahira takardar saki. Ta karanta a tsaye, ta ninke ta, ta ce da ya yi haka tun a Abijan da ya rage musu wahala.

Ta tafi Kazablanka da ɗiyarta. Abdulrazak ya ƙara shekara guda a ƙarƙashin Jibo, har wani tsoho da ƙarfinsa ya ƙare ya ba shi aron rabin filinsa, ya koma noman zogale na kansa. Tun daga ranar shi da Jibo gaisuwa kawai ke haɗa su. Duk Lahadi bayan la'asar wayarsa takan yi ƙara. Tahira ce ke bugowa, amma ba ta magana, sai ta miƙa wa Salima. Hausar yarinyar na raguwa a hankali, shi kuma da Hausa yake amsa mata, ko da Faransanci ta yi tambayar.