Fedar Keken Yaya

Yaya ce ta fi kowa ɗaga murya ranar da labarin ya iso gida. Mawaƙan bayan gareji, waɗanda ƙaninta Auta ya yi shekaru yana kaɗa wa ganguna, sun ƙi jiran hannunsa ya warke daga karayar da ya samu a kan babur. Sun ɗauko wani makaɗi sun shiga sutudiyo da shi. A gaban Inna da kowa ta ce in dai da kunnenta ne, ba za ta taɓa jin albam ɗin nan ba, ko a mota aka sa sai ta sauka.

Tun daga ranar shagon ɗinkinta ya zama wurin zaman Auta. Ya daina bin layin gareji, ya daina ɗaga wayar abokai. Da hantsi yakan zo ya zauna a benci bakin ƙofa yana ware mata maɓallai da hannun hagu, na daman yana rataye a wuya. Ita kaɗai yake wa hira. Har mai askin da ke maƙwabtaka da ita ya koyi rage rediyo in ya hango shi.

Wata nas ce ta jawo abin. Ta zo awon riga, tana ta zuba yabo, kafin a ankara ta tura mata waƙoƙin a waya. Yaya ta yi niyyar gogewa. Sai ta ce bari ta ji guda ɗaya, don ta san irin shirmen da suka yi ba Auta.

Ba shirme ba ne. Akwai wata waƙa a tsakiya da jita ke buɗewa ita kaɗai, sannan muryar mawaƙinsu, mai gyaran firjin nan, ta shigo, wanda ta sani tun yana yawo da majina, yana waƙar mutumin da ke jiran mota a tasha. Ganga ba ta shigowa da wuri. In ta shigo sai ta buga biyu ta yi shiru, har ka ɗauka an manta da ita, sannan ta faɗo daidai inda zuciya ke jiranta. Yaya ta ji kafaɗunta sun saki. Ranar ta gama siket ɗin da ta daɗe tana yi wa mai shi hanya-hanya.

Da farko da safe kawai take ji, kafin Auta ya zo. Daga baya ta fara zura iyafis ɗaya a kunne a ƙarƙashin ɗankwali, wayar kuma a aljihun keken ɗinki cikin zarurruka. Yana mata hira tana amsawa da kunne ɗaya. In ya yi dariya sai ta ji kamar ta ɗauke masa wani abu daga aljihu.

Ranar da aka kawo mata labule, aiki ne miƙaƙƙe, ba lanƙwasa ba tsayawa, ƙafa kawai ke aiki. Tana tsakiyar ɗinki ta lura Auta ya daina motsa maɓallai.

"Yaya," ya ce, "ƙafarki ta tona miki asiri."

Ta tsayar da keken. Ya ce ai ya kwana biyu yana ji. Da can kekenta tafiya yake kamar ruwa a kan kwano, yanzu kuwa sai ya buga biyu ya numfasa. Wannan numfashin shi ya ƙirƙiro shi a bayan gareji, ya ce, ko a barci ya ji shi zai gane. Ta fara kame-kamen cewa bel ne ya saki. Ya ce to bel ɗin ya iya kiɗa, a kai shi sutudiyo.

Sai ya sunkuyar da kai. Ya ce shi kullum yakan yi gaggawar fita daga shirun, mai jita ya sha yi masa faɗa. Ƙafarta kuwa tana daɗewa.

"Shi sabon makaɗin haka yake jira?" ya tambaye ta.

"Haka yake jira."

"Da daɗi?"

Ta dubi hannun da ke rataye, yatsun sun rame sun yi fari. Da ta ce ba laifi, da ya karɓa, da gobe ya dawo bencinsa kamar kullum.

"Da daɗi, Auta."

Ya miƙo hannun hagu. Ta zaro ɗayan iyafis ɗin ta ba shi, igiyar gajera ce, sai da ya durƙusa kusa da feda. Suka ji waƙar tun daga farko. Da aka zo shirun ta ga yatsun daman sun motsa, sun riga gangar faɗowa. Ya gani shi ma.

Da waƙar ta ƙare ya ajiye iyafis ɗin a kan labule, ya ce kada ta gaya wa Inna, ta san Inna da riƙo. Ya fita bai gama ware maɓallan ba. Ta leƙa ta taga ta ga ya wuce mai aski, ya tsaya a bakin layin gareji, ya daɗe, sannan ya shiga.

Ta koma kan keke ta dubi bencin da babu kowa. Waƙa ta gaba ta riga ta fara a kunnenta, kuma ba ta kashe ba.